Safar asibiti sai tattarewa take yi a gwiwar Mama, wace iri za mu koma?

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. An yi wa mahaifiyarmu tiyatar ƙugu, an sallame mu da allurar tsinka jini da farar safar nan doguwa mai kaiwa cinya, aka ce ta riƙa sawa har sai ta fara tafiya sosai. To safar ba ta zama. Da safe mu ja ta har sama, kafin rana ta yi ta zame ta tattare a bayan gwiwa, ta bar mata shaida kamar an ɗaure wurin. Ita kuma ta fara cewa a cire mata, zafi take ji. Mu nemi gajeriya mai tsayawa ƙasan gwiwa ne, ko akwai wata iri da ta fi wannan? Waɗanda suka taɓa jinya su taimaka mana.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne.

Zainab: Amin. Sannunku da jinya, Anti.

Sista Rakiya: Allah ya ƙara sauƙi. Kafin a kai ga maganar wace iri, wa ya auna ƙafarta? An sa tef an zagaya idon sawu da sharaɓa da cinya, an kuma auna tsawo daga dunduniya zuwa sama, ko kallonta kawai aka yi aka miƙo muku leda?

Maman Iman: Gaskiya Sista ban ga an auna ba. An tambaye mu ko tana da jiki, muka ce e, sai aka kawo babba.

Sista Rakiya: To matsalar ke nan. Yanzu dai idan ta tattare kada ku bar ta haka ko na awa ɗaya. Ko ku ja ta ta miƙe sumul, ko ku cire ta gaba ɗaya ku kira inda aka yi aikin su sake aunawa. Safar da ta naɗe a bayan gwiwa ta fi rashin safa illa.

Anti Talatu: Ke Maman Iman, ki ninke bakin safar sau biyu ki samo roba ki riƙe ta da ita, ba za ta ƙara zamewa ba. Haka muka yi wa yayata.

Sista Rakiya: A'a Anti, don girman Allah kada a yi haka. An saƙa safar ne ta fi matsewa a idon sawu, tana hawa tana sassautawa, domin ta riƙa tura jini sama zuwa zuciya. Idan kika ninke bakin ko kika sa roba, kin mayar da wurin da ya fi matsewa can sama. Kamar ki taka tiyo ne ruwa na gudu, duk abin da ke baya sai ya taru. Jinin da ya taru ya tsaya shi ne yake daskarewa, wato abin da ake gudu tun farko.

Anti Talatu: To ai yayata ba abin da ya same ta.

Sista Rakiya: Allah ne ya kiyaye, Anti.

Baban Sadik: Ni dai bari in ba ku labarin abin da ya same mu, ko wani zai tsira. Na daɗe ina son in faɗa a nan amma zuciyata ba ta ba ni ba sai yau da na ga wannan tambaya.

Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma dama yana da ciwon suga na shekaru. Da aka kwantar da shi, wani daga cikin masu duba shi ya ce a sa masa safar nan saboda ba ya motsi. Muka yi murna, muna ganin an ƙara kula da shi. Aka sa masa, ba wanda ya ce mana ana cirewa kullum a duba fata. Mu kuma tsoro muke ji mu taɓa abin da likita ya sa. Muna goge masa jiki, muna juya shi, muna canza masa kaya, amma ƙafa sai mu bar ta yadda take. Baba bakinsa ya karkace, magana ba ta fita, kuma sugan ya riga ya kashe masa jin ƙafa, ko allura ka soka masa ba zai ce uffan ba. To ta ina zai gaya mana wani abu na cinsa?

Wari ne ya tona. Ƙanwata ce ta ce wani abu na tashi daga wajen ƙafarsa. Da aka zare safar, dunduniyar hagu ta yi baƙi ta yi laushi, a saman ƙafa kuma inda safar ta yi ninki akwai layi da ya tsaga fata. Ranar na ga babban likitan sashen ya yi faɗa, yana tambaya wa ya ce a sa wa wannan mutum safa. A nan na fara jin cewa ba kowane majinyaci ake sa wa ba. Gyambon dunduniyar nan ya fi shanyewar jikin wahalar da mu. Hannunsa ya fara dawowa, maganarsa ta fara fita, amma ba a iya tsayar da shi a koya masa tafiya saboda ba ya iya taka ƙafar. Wata da watanni muna zaryar wankin ciwo.

Ba ina cewa a ƙi safa ba ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne abu mai hatsari haka a sa wa mutum ba tare da an tsaya minti biyu an yi wa masu jinyarsa bayani ba. Da an ce mana ku cire kullum ku duba dunduniya, wallahi da mun yi. Maman Iman, idan Mama na da suga ko tana yawan cewa ƙafarta na mutuwa ko tana sanyi, ki faɗa wa likita da bakinki, kada ki ɗauka yana cikin fayil sun gani. Kuma ki sa ido a fata. Ja da ake cewa a duba ba ya fitowa sosai a fata mai duhu, sai dai ki ga wuri ya ƙara duhu ko yana sheƙi, ko ki taɓa ki ji ya fi gefensa zafi ko tauri.

Zainab: Innalillahi. Allah ya ba Baba lafiya.

Alhaji Garba: Allah ya saka muku da alheri a kan jinyar nan, Baban Sadik.

Maman Iman: Subhanallah, jikina ya yi sanyi. Mama ba ta da suga, hawan jini ne kawai. Yanzu na duba dunduniyarta lafiya lau, sai shaidar bayan gwiwar.

Dakta Umar: Baban Sadik, abin da babban likitan ya yi wa faɗa yana da tushe. An yi wani babban bincike da ake kira CLOTS, jami'ar Edinbara ta jagoranta, aka buga kashin farko a 2009. Mutum 2,518 masu shanyewar ɓarin jiki aka raba biyu, rabi aka sa musu doguwar safa, rabi ba a sa ba. Waɗanda jini ya daskare musu a manyan jijiyoyin ƙafa sun kai kashi 10 cikin 100 a masu safa, kashi 10.5 a marasa safa, wato babu wani bambanci. Amma ciwon fata, da gyambo da bororo, kashi 5 a masu safa, kashi 1 a marasa ita. Tun daga nan aka daina ba da shawarar sa wa masu wannan ciwo. Abin da ya yi musu aiki shi ne na'urar nan mai hura iska a rigar ƙafa tana matsewa tana saki. Kashi na uku na binciken a 2013 ya nuna ta sauko da adadin daga kusan kashi 12 zuwa 8.5.

Ban da su, ba a sa wa wanda jijiyoyin da ke kai jini ƙafarsa suka tsuke, ko wanda ba ya jin ƙafarsa, ko mai fata mai rauni ko ciwo a wurin, ko wanda ƙafarsa ta kumbura ƙwarai saboda ciwon zuciya.

Nura: To Dakta ashe safar ba ta da amfani ke nan? Wahalar da tsofaffi kawai ake yi.

Dakta Umar: Ban ce haka ba, Nura. Masu shanyewar jiki na ce. A masu tiyata tsofaffin bincike da yawa sun nuna tana rage daskarewar jini idan aka kwatanta da wanda ba a yi masa komai ba. Tambayar da ake yi yanzu ita ce, idan mutum yana karɓar allura, safar na ƙara masa wani abu? An gwada a Birtaniya, aka buga a 2020, mutum wajen 1,900 da aka yi wa tiyatar da aka tsara. Masu allura kaɗai kashi 1.7, masu allura da safa kashi 1.4. Bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Sai dai galibinsu ba irin tiyatar Mama ba ce, wadda ake ci gaba da allura makonni bayan sallama, don haka kada wani ya ɗauki wannan ya cire wa majinyacinsa safa da kansa.

Sista Rakiya: Kuma Dakta a tuna da waɗanda ba za a iya yi wa allurar ba saboda tsoron zubar jini. Su safa da na'ura ne kawai abin da suke da shi. Ni ban yarda a riƙa rage mata daraja ba, a gyara yadda ake sa ta dai.

Dakta Umar: Ba mu saɓa ba, Sista.

Sista Rakiya: Mun ɗan saɓa. Duk lokacin da aka kawo alƙaluman nan sai mutane su ji "ba ta aiki" su tsaya a nan. A cikin binciken ma wa ya san nawa ne safar ta zauna musu daidai dare da rana? Mu da muke zagaye da daddare mun san abin da muke gani, wannan ta sauko idon sawu, wancan ya cire ɗaya ya sa ƙarƙashin filo.

Dakta Umar: Wannan gaskiya ne, amma shi ma hujja ce a kanta. Maganin da ba ya zama a jikin mutum sai an tsaya a kansa, dole a lissafa masa wannan a cikin aibinsa.

Anti Talatu: Ku nas-nas ɗin ne ai ba kwa bayani. Ku sa abu ku wuce, in an tambaye ku ku harari mutum.

Sista Rakiya: Anti Talatu, ba zan kare wanda ya yi sakaci ba, abin da aka yi wa mahaifin Baban Sadik kuskure ne babba. Amma kada a yi mana kuɗin goro. Akwai wadda take riƙe da ɗaki guda ita kaɗai da daddare.

Anti Talatu: Ni dai abin da idona ya gani na faɗa.

Malam Isa: Jama'a a yi haƙuri, a koma kan tambayar baiwar Allah. Anti, Sista, ku duka alheri kuke nufi.

Alhaji Garba: Tunda ana maganar, ni ina sa baƙa gajeriya idan zan yi doguwar tafiya a jirgi, ƙafata ta daina kumbura. Ita ma iri ɗaya ce da ta asibitin? In haka ne in aiko wa Mama da sabuwa, ina da wadda ban buɗe ba.

Sista Rakiya: Allah ya saka, Alhaji, amma ba ɗaya ba ce. Farar ta asibiti an yi ta ne don wanda yake kwance, matsinta wajen 18 mmHg (ma'aunin matsi, irin na awon hawan jini) a idon sawu, 14 a sharaɓa, ya sauka zuwa 8 a cinya. Taka ta mai tafiya ce, akwai masu kaiwa 20 zuwa 30, akwai ma waɗanda suka fi haka da likita ke rubutawa. Kuma awonka ba awonta ba ne.

Dakta Umar: Amma ka ci gaba da sa taka, Alhaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka hatsarin kusan sau biyu, ko da yake a mai lafiya hatsarin ƙarami ne, wajen mutum 1 cikin 6,000. Mota ma haka, ba jirgi kaɗai ba. Ka riƙa tashi kana takawa, kana motsa idon sawu a zaune.

Nura: Alhaji da safa har gwiwa, sai a ba shi lamba 9 ya shiga fili.

Alhaji Garba: Nura ka kiyaye ni, na buga ƙwallo kafin a haife ka.

Injiniya Kabiru: Ni abin da ke damuna daban ne. Na karanta duk abin da aka rubuta, kusan kowa laifin mutum yake gani, wanda bai auna ba, wanda bai duba ba, wanda ya ninke. Amma idan abu ɗaya yana ba mutane da yawa matsala iri ɗaya a wurare daban-daban, sai a koma a tambayi yadda aka ƙera shi.

Ku duba. Matsin da safa ke yi ya danganta da ƙarfin jan zaren da kuma kaurin abin da ta zagaye. Inda ya fi siriri ko ya yi tsini, matsin ya fi yawa. Shi ya sa dunduniya da ƙashin ƙwauri da ƙasusuwan idon sawu suke fara ciwo. Kamfani kuma ya yi ƙarama, matsakaiciya, babba, da doguwa ko gajeriya, shi ke nan. Mace mai siririn idon sawu da kaurin cinya fa? Idan aka bi cinya, ƙasa ya yi sako-sako, aikin bai yiwu ba. Idan aka bi idon sawu, sama ya shaƙe ta ko ya gangaro. Ina zargin abin da ke faruwa da Mama ke nan. Ga shi ƙafar da aka yi wa tiyata tana kumbura ta saɓe, awon ranar farko ba shi ne na bayan mako ba.

Da ni ne, abu uku zan fara taɓawa. A sa alama a jikin safar da za ta nuna wa mai jinya ko ta ja daidai. Akwai bandeji na matse ƙafa da aka zana wa ƴan akwatuna, idan ka ja shi yadda ya kamata sai su zama murabba'i, me ya hana a yi wa safa haka? Sannan dunduniya ta zama ana iya buɗe ta a duba ba sai an zare duka ba, domin wahalar mayarwa ce ke sa mutane su ƙi cirewa. Sai tafin, a sa masa abin da zai hana santsi. Mutumin da aka yi wa ƙugu ya taka daɓe mai santsi da wannan safa, faɗuwa ɗaya ta rushe aikin gaba ɗaya.

Sista Rakiya: Masu tafin roba suna nan, Injiniya, sai dai ba ko'ina ake kawo su ba. In babu, kada a bar majinyaci ya taka ƙasa sai da takalmi mai riƙe ƙafa. Masu bakin silikon a cinya ma suna nan, sun fi zama, amma wasu fatarsu ba ta so, sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Akwai kuma mai ɗamara da ake ɗaurawa a ƙugu, wadda ba za ta dace da mai sabon ɗinki a wurin ba.

Maganar buɗe dunduniya kuwa ban gamsu ba. Duk inda ka yanka rami a abu mai matsewa, nama zai kumburo ta ramin, bakin ramin ya zama shi ne mai yanka. Ramin da ke wajen yatsu ma da aka bari don duba jini, kullum sai na tarar an zaro yatsu ta ciki ya shaƙe su. A ƙarƙashin yatsu ya kamata ya zauna.

Injiniya Kabiru: Ba rami a buɗe nake nufi ba, marfi mai rufewa.

Sista Rakiya: Marfi yana da ɗinki, ɗinki kuma a dunduniyar mai kwanciya shi ne gyambo.

Maman Iman: Na kira su, sun ce mu kawo ta gobe a sake aunawa, kuma a daren nan mu bar ta a cire tunda tana tattarewa, amma kada mu tsallake allura. To in sun ba ni zaɓi, doguwa ko gajeriya?

Dakta Umar: A kashi na biyu na binciken CLOTS da na ambata, doguwa ta fi gajeriya, amma a masu shanyewar jiki ne. A masu tiyata ba a samu hujja mai ƙarfi da ta fifita ɗaya ba. Ni a ganina gajeriyar da ta zauna daidai ta fi doguwar da ke gangarowa. Ki gaya wa likitan ƙashin abin da kika gaya mana, shi zai yanke.

Sista Rakiya: In gajeriya ce, bakinta ya tsaya yatsu biyu ƙasa da lanƙwasar gwiwa, kada a ja ta ta hau. Wajen sawa kuma ki zura hannu ciki ki kamo dunduniyar ki juyo safar, ki fara sa tafin ƙafa, ki daidaita dunduniya a mazauninta, sannan ki riƙa jawo sauran a hankali kina shafe ninki. Kada ki tattara ta duka a hannu kamar safar makaranta, ba za ta wuce idon sawu ba. Ki cire zobe, ki rage farce. Idan tana gardama, sa leda a ƙafar ta zame a kai, sai ki zare ledar ta ramin yatsu. Kuma Mama kada ta sunkuya ta ce za ta sa da kanta, an hana masu sabon ƙugu wannan lanƙwasawar.

Malam Isa: Wannan dabarar leda ta yi, ban taɓa ji ba.

Anti Talatu: A shafa mai kafin a sa, ta fi shiga.

Sista Rakiya: Mai yana lalata robar da ke cikin zaren, Anti, kuma yana sa ta zame. In fata ta bushe a shafa lokacin da aka cire don wanka, a bari ya shige sosai tukuna.

Zainab: Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa. Kun san an yi mini aiki wajen haihuwa kwanan nan. Ni ma an ba ni safar amma na daina sawa da na dawo gida saboda zafi. Tun jiya sharaɓata ta hagu ke ciwo kamar jijiya ta ɗaure, yau na ga ta fi ta dama girma, kuma da ɗumi. In mayar da safar ne?

Anti Talatu: Sannu ƴata. Ki sa a murza miki da man zafi, gajiya ce.

Dakta Umar: Zainab, kada a murza, kada ki sa safa. Ki tafi asibiti yanzu, ba gobe ba, ki ce musu ƙafa ɗaya ta kumbura bayan tiyatar haihuwa, a yi miki hoton jijiyoyin ƙafar. Makonni shida na bayan haihuwa su ne lokacin da hatsarin ya fi yawa ga mace, tiyata kuma tana ƙara shi. Idan kin ji numfashi na yi miki wuya, ko ƙirji na suka, ko zuciya na bugawa da sauri, ko kika yi tari da jini, ki faɗa tun daga bakin ƙofa, domin gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. Wani ya kai ki, kada ki tuƙa.

Sista Rakiya: Ki tashi yanzu, ƙanwata. Ki ɗauki jaririn da wanda zai riƙe miki shi. An ba ki allurar gida da aka sallame ki?

Zainab: An ba ni ta kwana goma, na gama. Maigidan ya fito da mota, mun tafi.

Anti Talatu: Allah ya tsare. Ni ban san abin ya kai haka ba.

Baban Sadik: Allah ya sa a dace. Ki sanar da mu.

Nura: Ba irin wannan ne ya samu Serena Williams, ƴar wasan tanis, ba bayan ta haihu?

Dakta Umar: Shi ne, a 2017, kuma ta taɓa yi a 2011. Da yake ta san alamar, ita ta matsa a duba huhunta.

Alhaji Garba: Mai motsa jiki irin wannan ma bai bar ta ba, ina ga mu.

Injiniya Kabiru: Sista, na koma na yi tunani a kan maganar ɗinki, kin fi ni gaskiya a dunduniya. To zik fa a gefe? Ya sauƙaƙa cirewa da mayarwa, mai jinya ba zai ji ƙyuyar dubawa ba.

Sista Rakiya: Akwai masu zik ana sayarwa, ga mai yawo da ƙafarsa wanda hannunsa ba ƙarfi suna taimakawa. Ga wanda yake kwance yana juyi a kan katifa, ƙarfen zai kwanta a fatarsa. Ni abin da nake so a ƙera mini shi ne zaren da ba ya riƙe zafi da gumi. Yawancin waɗanda suke cirewa a ɓoye ba ciwo ne ke sa su ba, zafi ne, kamar yadda Zainab ta faɗa. Sannan a daina ba mutum safa ɗaya kawai ga kowace ƙafa. Idan an wanke ta kafin ta bushe me zai sa? Ba a shanya ta a kan wuta ko a goge ta, zafi na kashe robar, sai a inuwa.

Injiniya Kabiru: Wannan na biyun ba aikin injiniya ba ne, na masu sayo kaya ne.

Sista Rakiya: To a gaya musu.

Zainab: Mun ga likita, an yi hoton. Sun ce akwai gudan jini a jijiyar bayan gwiwa, bai kai huhu ba alhamdulillah. An fara mini allura mai ƙarfi, sun ce zan yi aƙalla wata uku a kan magani, kuma zan iya ci gaba da shayarwa. Na gode ƙwarai Dakta, na gode Sista. Safar fa, yanzu in koma sawa?

Malam Isa: Alhamdulillah. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yaro.

Dakta Umar: Alhamdulillah da kika je. Farar ta asibiti ta gama aikinta a wurinki. Idan kumburi da nauyin ƙafa na damunki, za su iya auna ki su rubuta miki mai ƙarfi ta masu tafiya, tana sa a ji sauƙi. Da ana ba kowa ita shekara biyu don hana ciwon ƙafa na daga baya, amma wani bincike da aka yi a Kanada da Amurka aka buga a 2014 bai ga ta hana ba, don haka yanzu ya danganta da yadda kike ji. Maganin shi ne ba a wasa da shi, ko rana ɗaya kada ki tsallake, kuma ki riƙa takawa a cikin gida gwargwadon iyawarki.

Anti Talatu: Sista, ita mai ƙarfin ana kwana da ita?

Sista Rakiya: A'a Anti, wannan da safe ake sawa kafin ƙafa ta kumbura, a cire in za a kwanta, sai in likita ya ce akasin haka. Farar ta masu kwanciya ce ake kwana da ita.